Wa Ke da Ikon Tsayarwa? Motsi da Sabunta Bayanai a Shafukan Intanet da Haƙƙin Mai Karatu

Tsakure

Takardar ta dubi ɓangare guda na ƙa'idojin sauƙaƙa shafukan intanet ga masu buƙata ta musamman, wato rubutu da hotunan da ke motsi da kansu, da bayanan da ke sauyawa ba tare da mai karatu ya nema ba. Ta bi sawun ƙa'idar daga 1999 zuwa kundin WCAG 2.2 na 2023, ta fayyace sharaɗi mai lamba 2.2.2 da makusantansa, ta kuma nuna yadda motsi ke shiga tsakanin mutum da abin da ya zo nema. Matsayarta ita ce maɓallin tsayarwa wajibi ne, amma bai wadatar ba. Abin da ya dace shi ne shafi ya buɗe a tsaye, mai karatu ya zama shi ke ba da izinin motsi.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba leƙa shafukan jaridu, bankuna, makarantu ko ma'aikatun gwamnati ya san abin da ake tararwa. A sama manyan hotuna na musanya juna duk bayan 'yan daƙiƙu. Ƙarƙashinsu wani siririn layi na gudu daga dama zuwa hagu ɗauke da sanarwa, sau da yawa ma wadda ta fi komai muhimmanci a shafin, kamar ranar rufe sayar da fom. A gefe bidiyon talla ya kunna kansa. Idan shafin labarai ne na kai tsaye, kana tsaka da karanta sakin layi sai sabon labari ya faɗo daga sama ya tura naka ƙasa. Mai lafiyar ido da hannu wanda ya goge a karatu yakan yi tsaki ya ci gaba da abin da ya kawo shi. Akwai kuwa mutane da yawa da tsaki ba ya fisshe su. Ko dai su rufe shafin su haƙura, ko su miƙa wayar ga wani ya karanta musu abin da watakila sirrinsu ne, ko su tashi da jiri da ciwon kai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa mutum biliyan 1.3, kusan kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, na rayuwa da naƙasa mai tasiri a rayuwarsu. Idan aka tashi maganar sauƙaƙa musu intanet, hankali ya fi tafiya ga sa wa hoto bayani domin makafi da sa wa bidiyo rubutu domin kurame. Ba kasafai ake tuna batun lokaci da motsi ba, alhali tambayar da ke ƙarƙashinsa babba ce: tsakanin mai shafi da mai karatu, wa ke yanke saurin karatu? Littafi bai taɓa ta da wannan tambaya ba, tunda shafinsa ba ya juya kansa. A rediyo da talabijin gidan watsa shiri ke yankewa, mai saurare ya bi ko a bar shi a baya. Intanet ta zo da damar barin ikon a hannun mai karatu, sai masu tsara shafuka suka ɗebo ɗabi'ar talabijin suka dasa a kanta.

2.0 Yadda Aka Faro

A tsakiyar shekarun 1990, lokacin da kamfanonin Netscape da Microsoft ke gasar burauza, kowanne ya ƙirƙiro umarninsa na jan ido. Netscape ya kawo blink, mai sa rubutu ƙiftawa, Microsoft kuma ya kawo marquee, mai sa rubutu gudu a layi. Babu wanda ya zo da hanyar da mai karatu zai ce ya isa haka. Firefox bai daina aiki da blink ba sai a 2013, marquee kuwa har gobe burauzoji na gane shi, ko da yake an daɗe da ayyana shi a matsayin tsohon yayi da ya kamata a bari.

W3C, ƙungiyar da Tim Berners-Lee ya kafa a 1994 domin daidaita ƙa'idojin yanar gizo, ta buɗe sashen kula da masu buƙata ta musamman a 1997, ta kuma fitar da kundin WCAG na farko a watan Mayun 1999. Ƙa'ida ta 7 a cikinsa kacokan a kan wannan batu take. Abin lura shi ne yadda aka ɗaura ta: an ce wa masu shafuka su guji ƙiftawa da motsi da sake loda shafi da kansa har zuwa lokacin da burauzoji za su ba mutane ikon tsayar da su. Fatan wancan lokaci ke nan, ikon ya zauna wuri guda a cikin burauza, mutum ya saita sau ɗaya ya huta. An ɗan taɓa hakan, domin a wasu tsofaffin burauzoji danna Esc yakan daskarar da hotunan GIF. Amma da JavaScript da Flash suka bunƙasa, kowane shafi ya koma sarrafa motsinsa ta hanyarsa, burauza kuma ba ta iya bambance motsi mai amfani da na ado. Saboda haka da WCAG 2.0 ya fito a watan Disamban 2008 sai aka ɗora nauyin a wuyan mai shafi. Bugun 2.1 na 2018 da na 2.2 na 2023 duk sun riƙe sharaɗin yadda yake.

3.0 Abin da Sharaɗi na 2.2.2 Ya Tanada

Sharaɗin ya raba al'amarin gida biyu. Gida na farko shi ne abin da ke motsi, ƙiftawa ko gudu. Idan ya fara da kansa, ya wuce daƙiƙa 5, kuma yana tare da wasu bayanai a shafin, to dole a samar da hanyar dakatar da shi, ko tsayar da shi ɗungurungum, ko ɓoye shi. Masu kundin sun faɗi dalilin zaɓen daƙiƙa 5: ta isa a jawo hankalin mutum, kuma ba ta yi tsawon da wanda abin ya dama zai kasa jira ya wuce ba. Gida na biyu shi ne bayanan da ke sabunta kansu, irin su farashin hannun jari, sakamakon ƙwallo, yanayin sama da jerin labaran kai tsaye. Nan babu rangwamen daƙiƙa 5, amma an ƙara wani zaɓi, wato a bar mutum ya saita tazarar sabuntawar da kansa, ko duk minti ɗaya ko duk minti goma.

Togaciya ɗaya ce, inda motsin shi ne ainihin aikin. Misalinta wasan da motsi ne ginshiƙinsa, ko alamar da ke juyawa yayin da shafi ke lodi kuma babu abin da za a iya taɓawa tukuna, wadda in ta tsaya mutum zai zaci wayar ce ta maƙale. Ta wannan ƙofa masu shafuka suka fi son sulalewa. Sashen talla zai ce motsin wajibi ne tunda shi ke kawo ciniki. Ma'aunin kundin kuwa bai dubi ribar mai shafi ba. Abin da yake tambaya shi ne: idan an cire motsin, shin bayanin ko aikin zai canza ta yadda babu wata hanyar isar da shi? Hoton shugaban makaranta da ke musanya da hoton ɗakin karatu ba zai ci wannan jarrabawa ba.

Kundin na da matakai uku, A da AA da AAA, kuma 2.2.2 yana mataki na A ne, wato mafi ƙarancin abin da ake nema. Sannan yana cikin sharuɗɗa huɗu kacal da aka ce sun hau kan duk abin da ke shafi, ko da mai shafin bai ɗauke shi cikin muhimman bayanansa ba. Sauran ukun su ne sautin da ke kunna kansa fiye da daƙiƙa 3, wurin da mai amfani da madannan kwamfuta zai shiga ya kasa fita, da hasken da ke walƙiya. An ware su ne saboda kowanne na iya hana mutum amfani da shafin baki ɗaya. Hoton da ba a sa wa bayani ba, shi kaɗai makaho ya rasa. Tallan da ke rawa a kusurwa kuwa yana iya cinye wa mutum dukan shafin. Wannan na nufin mai jarida ba zai fake da cewa kamfanin talla ne ya turo abin ba, tunda a shafinsa mai karatu ya gamu da shi.

Akwai ƙaramin bayani a cikin sharhin kundin da nake ganin ya cancanci a tsaya a kansa. Yawancin hotuna masu juyawa sukan tsaya idan an ɗora manunin kwamfuta a kansu, da an ɗauke su ci gaba. Sharhin ya ce wannan ba dakatarwa ba ce, domin ta ɗaure mutum wuri guda ta hana shi amfani da sauran shafin. A waya ma babu manunin da za a ɗora. Haka kuma sharhin ya bambance ci gaba iri biyu bayan dakatarwa. Idan bayani ne da ake bi daki-daki, sai ya ɗora daga inda aka tsaya. Idan kuwa abu ne na halin da ake ciki, kamar farashi ko cunkoson hanya, sai ya tsallako zuwa na yanzu, don kada mutum ya yi ciniki da farashin da ya riga ya wuce. A irin wannan hali ya kamata shafin ya nuna a sarari cewa abin da ake gani a dakace yake, ya kuma faɗi lokacin da aka tsayar.

4.0 Su Wa Motsin ke Cutarwa

A ɗauki makaho mai amfani da manhajar karatu da ke karanta masa allo, kamar TalkBack a wayar Android, ko NVDA a kwamfuta. Ba ya samun shafin gaba ɗaya a lokaci guda. Yana bin sa ne abu bayan abu, yana shafa yatsa zuwa dama, muryar manhajar na faɗa masa inda ya sauka: wannan kanun labari ne, wannan mahaɗa ce, wannan maɓalli ne. A kansa yake gina taswirar shafin. Ya iso hoto na biyu a jerin masu juyawa, muryar ta fara karanta masa sanarwar ɗaukar ma'aikata, kafin ta kai ƙarshen jimla hoton ya wuce. Idan an gina jerin ba da kula ba, abin da yake kai ya ɓace ke nan, manhajar ta rasa matsayarta, wani lokaci ta mayar da shi can farkon shafi. Idan ya danna sau biyu don buɗe sanarwar da ya ji, yana iya samun kansa a wani wuri dabam bai san yadda aka yi ba. Mafi muni shi ne shafin da ke sake loda kansa gaba ɗaya duk bayan minti ɗaya ko biyu, domin karatun kan koma farko kowane karo, labarin da ya fi minti biyu tsawo kuma ba zai taɓa jin ƙarshensa ba.

W3C ta tanadi wasu alamomi da ake kira ARIA domin shafi ya riƙa sanar da manhajar karatu cewa wani abu ya sauya. Mai shafi na iya cewa a jira muryar ta gama abin da take faɗa kafin a sanar, ko a katse ta nan take. An yi katsewar ne domin abu na gaggawa. Wanda ya sa ta a kan layin farashin da ke sauyawa kowace daƙiƙa ya hana makaho jin komai a shafin sai farashi, kuma yana yin haka ne da zaton taimako yake yi.

Mai raunin gani da ke faɗaɗa allo ninki huɗu ko fiye ɗan yanki kawai yake gani a lokaci guda. Rubutun da ke gudu kan fita daga yankinsa kafin ya haɗa kalma biyu, sauyin da ya faru a wani ɓangare kuma ba zai san an yi ba. Mai makyarkyatar hannu, ko wanda ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, ko dattijon da gaɓoɓinsa suka yi nauyi, yana buƙatar lokaci ya kai yatsa inda yake so. Idan abin da ya nufa ya gusa kafin yatsan ya sauka, zai danna abin da bai yi niyya ba. A shafin labarai ɓata lokaci ne. A shafin biyan kuɗi kuwa ta'adi ne.

Sai masu larurar tsayar da hankali da masu wahalar karatu. Idon ɗan Adam an halicce shi da saurin kama motsi ta gefe, kuma yana juyawa wajensa kafin mutum ya yanke shawarar dubawa. Masu talla sun san haka, shi ya sa suke motsa tallansu. Yawancinmu mukan iya mayar da hankali bayan an fizge shi. Ga wasu kuwa, kowace fizga na nufin komawa farkon sakin layi, har su gaji su bari.

Akwai kuma larurar da duniyar fasaha ba ta waye da ita sosai ba sai a 2013. A watan Satumban shekarar kamfanin Apple ya fitar da iOS 7, inda hoton bayan allo ke ɗan gusawa idan an karkata waya, manhajoji kuma ke buɗewa kamar suna tasowa zuwa fuskar mutum. Cikin 'yan kwanaki mutane suka fara kukan jiri da tashin zuciya. Dalilin yana can cikin kunne, inda wasu 'yan bututu uku masu ruwa ke shaida wa ƙwaƙwalwa ko kai na motsi. Idan ido ya ce ana tafiya, kunne ya ce ana zaune, sai ƙwaƙwalwa ta rikice, irin abin da ke samun mai karatu a cikin mota. Ga masu ciwon kunnen ciki da masu ciwon ɓarin kai, hajijiyar na iya daɗewa bayan an ajiye wayar. A watan Oktoba Apple ya faɗaɗa saitinsa na rage motsi ta yadda buɗewar manhaja ta koma sauyi a hankali. WCAG 2.1 ya ƙaro sharaɗi na 2.3.3 a kan motsin da ke biyo bayan taɓawa ko jan shafi, amma an ajiye shi a mataki na AAA, wanda dokoki ba su cika nema ba. A ganina an rage masa daraja, domin wanda hajijiya ta kwantar ba shi da bambanci da wanda aka rufe wa ƙofa.

Rukuni na ƙarshe shi ne ya fi shafar mu, kuma sharhin kundin ya ambace shi: masu ƙarancin karatu. Da yawa daga masu riƙe da waya a ƙasar Hausa da girma suka koyi boko, ko kuma suna karanta Ingilishi ko Faransanci ne a matsayin harshe na biyu ko na uku. Mutum ne lafiyayye, ba ya cikin kowane lissafin naƙasa, amma yana haɗa baƙi ne a hankali, yana motsa leɓe, wani lokaci ya koma baya ya sake ɗaukar kalma. Wanda ya saita hoto ya wuce bayan daƙiƙa huɗu da saurin karatunsa ya auna, kuma ya riga ya san abin da ke rubuce. A makarantar allo ba a wanke rubutu sai ɗalibi ya biya ya kiyaye, saurinsa ne ke yanke ranar wankewa. Shafin da ke share sanarwarsa kafin a gama karantawa daidai yake da a wanke wa yaro allo yana tsakiyar biyawa. A ƙara da cewa bidiyon da ya kunna kansa datar mutum yake ci da cajin wayarsa, a wurin da ake sayen data ta kwana ɗaya kuma ake biyan kuɗin caji.

5.0 Inda Maɓalli ba ya Amfani

Dole a bambance ƙiftawa da walƙiya. Ƙiftawa na ɗauke hankali, ana iya jure ta na ɗan lokaci. Walƙiya kuwa na iya ta da farfaɗiya. Ranar 16 ga Disamban 1997 gidan talabijin na TV Tokyo ya nuna wani kashi na katun ɗin Pokémon inda haske ja da shuɗi suka yi ta musanyawa kusan sau 12 a daƙiƙa na 'yan daƙiƙu kaɗan. A daren an kai yara 685 asibiti a Japan, aka dakatar da shirin wata huɗu. A 2007 an janye wani yanki na bidiyon tallata tambarin gasar Olamfik ta Landan bayan rahotannin cewa ya ta da wa mutane ciwon. A Disamban 2016 wani ya aika wa ɗan jaridar Amurka Kurt Eichenwald hoto mai walƙiya ta Twitter da gangan, ciwon ya kama shi. Birtaniya ta mayar da irin wannan aika-aika laifi a dokarta ta tsaron intanet ta 2023.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 nasu kuma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki suke. Kaɗan ne daga cikinsu haske ke ta da wa ciwon, sai dai wasu ba su san suna da larurar ba sai ranar da ta faru. Shi ya sa sharaɗi na 2.3.1 bai yi maganar maɓalli ba sam. Cewa ya yi kada abu ya yi walƙiya fiye da sau 3 a cikin daƙiƙa ɗaya, sai in girmansa da ƙarfin haskensa sun gaza wani ma'auni, jan haske mai ƙarfi kuma an ware masa ma'auni nasa. Hikimar a fili take: ciwon na iya riga hannu isa ga maɓalli.

6.0 Maɓalli Bai Wadatar ba

Wannan hikimar nake son a faɗaɗa. Maɓallin tsayarwa na neman mutum ya nemo shi a daidai lokacin da abin ke damun sa. Makaho zai ratsa ta cikin abin da ke rikita masa manhaja kafin ya kai gare shi. Mai hajijiya zai kalli abin da ke juya masa kai yana laluben wata 'yar alama mai layi biyu a kusurwa. Mai makyarkyatar hannu zai saita yatsa a kan ɗigon da bai kai ƙwayar wake ba. Sabon mai karatu watakila bai ma san ma'anar alamar ba. Sannan gobe idan ya dawo, ko ya shiga wani shafin, sai ya sake daga farko. Ana iya cika sharaɗi na 2.2.2 harafi da harafi, mutumin da aka yi shi dominsa bai amfana ba.

Idan har za a sa maɓallin, to ya zo kafin abin da ke motsi a jerin da manhajar karatu ke bi, ya yi girman da yatsa zai same shi, ya ɗauki suna a rubuce da harshen shafin, a iya kai masa da madannai kaɗai, shafin kuma ya tuna zaɓin mutum. Amma hanyar da ta fi ita ce a juya lamarin: shafi ya buɗe a tsaye, wanda ke son motsi ya danna ya kunna. Babu wanda ya rasa komai da haka. Mai son bidiyo dannawa ɗaya ta raba shi da shi.

Masu shafuka za su ce motsi ke kawo kallo. Shaidar da ake da ita ba ta goyi bayansu sosai ba. A 2013 Erik Runyon na Jami'ar Notre Dame a Amurka ya fitar da alƙaluman babban shafin jami'ar: kusan kashi 1 cikin 100 na masu ziyara ne suka danna jerin hotunan da ke sama, kuma kashi 84 cikin 100 na dannawar a kan hoto na farko ta faɗa. Shafi ɗaya ne, ba za a gina hukuncin duniya a kansa ba, amma ya yi daidai da abin da duk wanda ya zauna a ofis ya sani game da asalin waɗannan hotuna. Sassa biyar ne kowanne ke son saman shafi, shugaba ba ya son ɓata wa kowa, sai a ce a sa su duka su riƙa juyawa. An kashe rigimar cikin gida, mai karatu ya biya kuɗin sulhun.

Ga shafukan kai tsaye akwai mafita da aka daɗe da sani. Sabbin labarai su taru a baya, a nuna ɗan rubutu a sama cewa akwai sabbi guda kaza, sai mutum ya gama abin da yake karantawa ya danna su sauko. Labarin bai yi latti ba, gurbin mai karatu kuma bai gushe ba.

Wani abin farin ciki shi ne tsohon fatan 1999 ya fara dawowa. A yau iPhone da Android da Windows duk suna da saitin rage motsi, kuma akwai wata tambaya a harshen CSS mai suna prefers-reduced-motion da shafi zai yi wa na'ura ya ji ko mai ita ya kunna saitin. Safari ya fara gane ta a 2017, Firefox a 2018, Chrome a 2019. Layuka kaɗan mai gina shafi zai rubuta. Sai dai tambayar ba ta tilasta kowa, shafin da bai yi ta ba zai ci gaba da rawarsa. Kuma saitin a ɓoye yake can cikin waya, yawancin masu buƙatarsa ba su san da shi ba, balle wanda a shago aka saita masa wayar tun ranar saye. Haka nan burauzojin nan uku sun hana bidiyo mai sauti kunna kansa tsakanin 2017 da 2019, amma sun bar marar sauti. Kunne ya huta, ido da data kuwa suna nan inda suke.

7.0 Doka da Awo

Sashe na 9 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Naƙasassu ta 2006 ya ambaci intanet da sunanta cikin abubuwan da dole a sauƙaƙa. Nijar ta amince da yarjejeniyar a 2008, Nijeriya a 2010, Ghana a 2012. Tarayyar Turai ta ɗaure shafukan hukumomin gwamnatocin ƙasashenta da doka a 2016, wata dokar ta 2019 kuma ta fara aiki a kan bankuna da kasuwancin intanet ranar 28 ga Yunin 2025. A Amurka, Ma'aikatar Shari'a ta fitar da ƙa'ida a Afrilun 2024 da ta wajabta wa jihohi da ƙananan hukumomi bin WCAG 2.1 a mataki na AA. A Nijeriya an sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu wariya a Janairun 2019, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Ƙarfin dokar ya fi karkata ga gine-gine, sufuri, ilimi, lafiya da aikin yi, alhali neman gurbin karatu da neman aikin kansu sun koma ta shafin intanet.

Ko an yi doka, akwai matsalar awo. Cibiyar WebAIM ta Jami'ar Jihar Utah na gwada shafukan farko miliyan ɗaya kowace shekara tun 2019, kuma kullum fiye da kashi 90 cikin 100 na fitowa da kurakurai. Kurakuran da suka fi bayyana su ne rubutun da launinsa ya saje da na bango, hotuna marasa bayani da guraben fom marasa suna, domin su ne na'ura ke iya ƙirgawa. Na'ura ba ta iya yanke hukunci ko motsi wajibi ne, ko maɓalli na aiki da gaske, ko mutum zai same shi. Hukumar da ta dogara da rahoton na'ura kaɗai za ta karɓi shafi mai maki mai kyau wanda makaho ba zai iya zama a kansa minti biyu ba.

Gwajin da ake buƙata ba shi da tsada. A buɗe shafin a ƙaramar wayar Android, a ɗauke hannu na minti ɗaya, a rubuta duk abin da ya motsa ko ya sauya. A gwada tsayar da kowanne da madannai kaɗai, sannan da TalkBack allo a rufe. A kunna saitin rage motsi a sake lodawa a gani ko shafin ya ji. Daga nan a ba wa wanda ke karatu a hankali sanarwar da ke sama ya karanta ta har ƙarshe. Ma'aikatu da jami'o'i da bankuna na iya sa wannan gwaji cikin takardar kwangilar gina shafi, a gayyaci ƙungiyoyin makafi da sauran masu buƙata ta musamman su gudanar da shi a biya su ladan aikinsu, kada kuma a saki kason ƙarshe na kuɗin ɗan kwangila sai shafin ya tsallake.